Giwar Afirka a Kan Sikeli

A watan Afrilun 2014 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fito ta ce tattalin arzikin Najeriya ya kai dala biliyan 510, ba biliyan 270 ɗin da aka daɗe ana ambata ba. Kwana ɗaya tak, ƙasar ta sha gaban Afirka ta Kudu ta zama ta ɗaya a nahiyar. Ba masana'anta aka buɗe a daren ba, ba kuma sabuwar rijiyar mai aka samu ba. Ma'auni aka sabunta. Kafin nan da farashi da tsarin kasuwa na 1990 ake lissafin, zamanin da babu wayar salula, harkar fim ba ta zama sana'a ba, bankuna kuma ba su bazu ba. Da aka matso da ma'aunin zuwa 2010 aka shigar da waɗannan, sai adadin ya kusa ninkawa. Aikin daidai ne, ƙasashe da yawa duk bayan shekara biyar suke yinsa, namu ne ya kwana shekara 24. Abin dubawa shi ne yadda aka karɓi labarin: aka yi ta shela kamar an ciyo kofi, alhali mai shayi a Sabon Gari da manomin Gwarzo ko kwabo bai ƙaru a aljihunsu ba.

Bayan shekara goma, alƙaluman Asusun Ba da Lamuni na Duniya na 2024 suka ajiye Najeriya ta huɗu, bayan Afirka ta Kudu da Masar da Aljeriya. A 2025 an sake matso da ma'auni zuwa 2019, adadin ya ɗan tashi zuwa kusan dala biliyan 243, matsayin dai bai sauya ba a lokacin. A nan ma a yi adalci. Abin da mutane ke nomawa da ƙerawa bai ragu da rabi ba. Lissafin da dala ake yinsa, dalar kuwa har tsakiyar 2023 Babban Banki na riƙe da ita a kan naira 460 da 'yan kai a takarda, a Wapa ana sayar da ita sama da 700. Da aka saki farashin a watan Yunin 2023, kafin 2024 ta yi nisa ta wuce 1,500. Ashe wani ɓangare na girman da ake tinƙaho da shi farashin canji ne da hukuma ta yanke, wanda ɗan kasuwar Kwari bai taɓa samun dala a kansa ba.

Duk hujjojin da ake kafawa wajen kiran Najeriya Giwar Afirka hujjoji ne na tarawa: yawan jama'a, yawan gangunan mai, jimillar dukiya, faɗin kasuwa. Halin da mutane ke ciki kuwa sai an raba ake ganinsa. In aka raba dukiyar shekara a kan kowane mutum, a 2014 rabon ya haura dala 3,000, a 2024 ya dawo wajen dala 1,000. Na Afirka ta Kudu ya kai 6,000, na Ghana da Kwaddibuwa ya wuce 2,000. Tsakanin 2015 da 2022 bunƙasar tattalin arziki ba ta kai kashi 2 cikin 100 a shekara ba idan an daidaita, har da karayar 2016 da ta 2020, yawan jama'a kuwa na ƙaruwa da kusan kashi 2 da rabi. Jimilla na ƙaruwa, rabon kowa na raguwa, kuma duka biyun gaskiya ne a lokaci guda.

Shi kansa yawan jama'ar, wanda shi ne ginshiƙin kirarin, ƙiyasi ne. Ƙidayar ƙarshe a 2006 aka yi ta, aka samu miliyan 140. Ta 2023 an ɗage ta ana saura kwanaki kaɗan. Ta 1962 an soke, ta 1973 ma Murtala ya soke. Dalilin rigimar sananne ne: da yawan mutane ake raba kuɗin tarayya da kujerun majalisa, don haka kowane yanki na da riba in nasa ya kumbura. Miliyan 220 da wani abu da ake faɗa yau lissafi ne da aka ɗora a kan 2006. Ƙasar da ba ta san adadin yaran da za su shiga aji ɗaya baɗi a ƙaramar hukumar Bichi ba, da me za ta yanke yawan ajujuwa da malamai?

Hakan bai taɓa hana kafa buri ba. Shirin 20:2020 ya yi alkawarin Najeriya za ta shiga sahun manyan ƙasashe 20 na duniya kafin 2020, da tattalin arzikin dala biliyan 900 da rabon kowa dala 4,000. Shekarar ta zo aka tarar da biliyan 430 da ɗoriya, rabon kowa wajen 2,100. Ba wanda ya tsaya gaban majalisa ya yi bayanin inda aka kuskure. Yanzu maganar dala tiriliyan ɗaya ake yi kafin 2030. Daga biliyan 243 zuwa can ninki huɗu ne a shekara shida, wato ƙarin kusan kashi 27 cikin 100 kowace shekara da lissafin dala, alhali bunƙasar 2024 kashi 3.4 ce.

Kirarin nan ba ƙagensa aka yi rana tsaka ba, yana da tushe. Farashin ɗanyen mai ya ninka kusan sau huɗu tsakanin 1973 da 1974, daidai lokacin da ƙasar ta fito daga yaƙin basasa da sojoji sama da 200,000. A 1975 Gowon da Eyadema na Togo suka jagoranci kafa ECOWAS a Legas. A watan Janairun 1976 Murtala ya tsaya a Addis Ababa ya yi fatali da matsin lambar Amurka kan Angola, ya mara wa ƙungiyar 'yan gwagwarmayar 'yanci ta MPLA baya. A shekarar aka zuba dala miliyan 80 a Bankin Raya Afirka don bai wa ƙasashe matalauta rance mai sauƙi. Ma'aikatan gwamnati sun ba da wani kaso na albashinsu don yaƙi da wariyar launin fata, a 1979 kuma Obasanjo ya ƙwace kadarorin kamfanin mai na Birtaniya, BP, saboda siyasar Birtaniya a kudancin Afirka. Daga 1990 sojojin Najeriya ne ƙashin bayan ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOWAS, a Laberiya, su ne kuma suka mayar da Ahmad Tejan Kabbah kan mulki a Saliyo a 1998. Wanda ya ce babu abin alfahari a nan bai karanta tarihi ba.

Sai dai a wancan zamanin ne cutar ta nuna kanta. A 1975 hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kusan tan miliyan 20, mafi yawansa da sunan ma'aikatar tsaro, alhali tashar jiragen ruwa ta Legas abin da za ta iya saukewa a shekara bai kai kusa da haka ba. Jirage sama da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyan kuɗin jira kullum, simintin wasu ya daskare a ciki. Kuɗin saye akwai. Wurin saukewa, da wanda zai zauna ya lissafa wurin saukewa kafin a sa hannu, su ne babu. Shekara hamsin ke nan wannan labarin yake maimaita kansa da sunaye daban-daban.

Har ƙarfin naira da dattawa ke tunawa da kewa, lokacin da naira ɗaya ta fi dala ɗaya da rabi a 1980, yana da nasa ɓarnar. Kuɗi mai tsada na sa kayan waje su yi arha, kayan gida su yi tsada a kasuwar duniya. Shinkafa da alkama da madarar gwangwani suka cika kasuwa, gyaɗa da auduga da manja suka kasa gasa. Fari na 1972 zuwa 1974 da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975 sun kayar da dalar gyaɗa ta Kano, amma tsadar naira da ƙaramin farashin da hukumar saye ke biyan manomi su suka hana ta sake tashi.

Man da aka ɗora kirarin a kansa ma bai kai yadda ake ji ba. A tsakiyar shekarun 2000 ana haƙo kusan ganga miliyan 2 da rabi a rana. A watan Satumban 2022, saboda fasa bututu da sata da janyewar manyan kamfanoni daga rijiyoyin tudu, ya faɗi ƙasa da miliyan ɗaya, har Angola ta wuce gaba na ɗan lokaci. A ce ana haƙo miliyan ɗaya da rabi. A shekara ganga miliyan 547 ke nan. A raba wa mutum miliyan 220, kowa ya tashi da ganga biyu da rabi. A kan dala 80, dala 200 ce a shekara, tun ba a cire kuɗin haƙowa da rabon kamfanonin haɗin gwiwa ba. Saudiyya na haƙo ninki shida na wannan, mutanenta kuwa ba su kai miliyan 40 ba. Najeriya ƙasa ce mai mai, amma ba ta da man da zai riƙe mutanenta.

Rashin yarda da wannan lissafin ne ya ci kuɗi fiye da komai. Tun da "mu masu mai ne", dole fetur ya yi arha, don haka a 2022 tallafin mai ya lashe sama da naira tiriliyan 4, fiye da abin da gwamnatin tarayya ta ware wa ilimi da lafiya a haɗe, wani kaso kuma ta kan iyaka ya bi zuwa Kwatano da Maraɗi da Garwa. Tun da mai na kawo kuɗi, ba a damu da gina tsarin haraji ba. An daɗe ana cewa haraji kashi 6 ne cikin 100 na tattalin arziki, da hukumar ƙididdiga ta sake lissafi ta samu kusan 11, matsakaicin Afirka kuwa wajen 16 ne. Kasafin tarayya na 2025 naira tiriliyan 54.99 ne, adadi mai cika baki. Da dala bai wuce biliyan 37 ba, kusan naira 250,000 ke nan ga kowane mutum a shekara, kuma sama da tiriliyan 14 a ciki na biyan bashi ne. Da abin da ya rage za a yi tsaro da hanya da asibiti da jami'a da albashi. Afirka ta Kudu, mai mutum miliyan 60 da ɗoriya, kasafinta ya haura dala biliyan 120. Sata akwai ta, ba a musu. Amma ko an toshe kowace kafa yau, tukunyar ƙarama ce.

Sakamakon yana nan a rubuce cikin rahotannin gwamnati da kanta. A watan Nuwamban 2022 hukumar ƙididdiga ta ce mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100, na cikin talaucin da ya haɗa rashin abinci da ilimi da lafiya da ruwa, miliyan 86 daga cikinsu a arewa suke, Sakkwato na kan gaba da kashi 91. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mata 82,000 ne suka rasu wajen ciki da haihuwa a Najeriya a 2020, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duniya baki ɗaya. A Abuja aka zauna a 2001 ƙasashen Afirka suka yi alkawarin ware wa lafiya kashi 15 na kasafi. Mai masaukin baƙin tana yawo tsakanin 4 da 6.

Wutar lantarki ce ta fi nuna yadda tazarar ke samuwa, domin a nan ana iya bin abin daki-daki. Idan minista ya tashi magana, megawat 13,000 zai ambata. Wannan ƙarfin injinan da aka girke ne, da a ce duka lafiyarsu ƙalau kuma suna da abin ci. Abin da ke isa ga jama'a kullum tsakanin 4,000 ne da 5,000, mafi yawan da aka taɓa kaiwa kuma 5,800 da 'yan kai ne, shi ma na ɗan lokaci. Masar ta ƙulla da kamfanin Siemens na Jamus a 2015, zuwa 2018 ta kammala tashoshi uku, kowace megawat 4,800. Ɗaya daga cikinsu ta yi daidai da abin da Najeriya gaba ɗaya ke rabawa a rana mai kyau.

Ina sauran suke maƙalewa? Kusan kashi huɗu cikin biyar na wutar daga iskar gas take, tashoshin kuma galibi a kudu suke, irin su Egbin ta Legas mai megawat 1,320. Ragowar daga ruwa: Kainji 760, Jebba 578, Shiroro 600, sai Zungeru 700 da ta shigo kwanan nan, su kuma ƙarfinsu na raguwa a ƙarshen rani idan madatsa ta ja baya. Injin gas ba ya tashi sai bututu ya kawo gas da isasshen matsi. Mai gas kuwa yana da zaɓi: ya sayar wa wanda zai biya da dala a kan lokaci, ko ya bai wa tashar wutar da ake bin ta bashi. Ita tashar ba ta biya ba don ba a biya ta ba. A 2025 kamfanonin samar da wuta sun ce suna bin bashin sama da naira tiriliyan 4.

Bashin daga ƙasa yake tasowa. Tun da aka sayar da harkar a watan Nuwamban 2013, kamfanonin rarraba wuta 11 ne ke karɓar kuɗi a hannun jama'a, kuma daga abin da suka karɓa ake biyan mai dako da mai samarwa da mai gas. A 2024, cikin masu amfani da wuta kusan miliyan 13 da ke da rajista, waɗanda ke da mita ba su kai rabi ba. Sauran bil na ƙiyasi ake kawo musu. Wanda aka rubuta masa kuɗin wutar da bai gani ba ba zai biya ba, ko ya biya rabi, ko ya ja waya ta bayan gida. A haɗa da wutar da ke zubewa a tsofaffin wayoyi da taransifoma masu ɗauke da nauyin da ya fi ƙarfinsu, sai a tarar fiye da kashi ɗaya bisa uku na wutar da aka tura ba ya dawowa a matsayin kuɗi. Ga shi kuma farashin da hukuma ta yanke ya daɗe yana ƙasa da abin da aka kashe wajen samarwa, giɓin gwamnati ta ce za ta cike, ba ta cikewa a kan lokaci. Shi ya sa wani lokaci kamfanin rarrabawa ke ƙin karɓar wutar da aka turo masa, domin kowace megawat da ya kai unguwar da ba a biya asara ce a littafinsa. A watan Afrilun 2024 an ɗaga kuɗin rukunin da aka yi wa alkawarin awa 20 a rana daga wajen naira 68 zuwa 225 a kan kowane yunit. Wannan ya rage giɓi, ya kuma mayar da wutar inda kuɗi yake.

Tsakanin mai samarwa da mai rarrabawa akwai babban layin dako, wanda ya rage a hannun gwamnati. Dole wutar da ake samarwa da wadda ake sha su yi daidai a kowace daƙiƙa. Idan babbar tasha ta faɗi kwatsam, ana bukatar wasu injina da ke juyawa a shirye su cike gurbin nan take, da na'urorin da ke nuna wa cibiyar kula da layin da ke Osogbo halin kowane layi a lokacin da abin ke faruwa. Duka biyun ba su wadata ba, don haka faɗuwar tasha ɗaya kan ja saura, ƙasa ta yi duhu. A 2024 hakan ta faru sama da sau 10. Arewa kuma tana da nata rauni na daban: layukan da ke kawo mata wuta kaɗan ne, ba su da madadin kirki. A watan Oktoban 2024 an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna a dajin da 'yan bindiga ke riƙe da shi, nauyi ya koma kan layin Ugwuaji zuwa Apir, shi ma ya faɗi, Kano da Kaduna da sauran jihohin arewa suka kwana fiye da mako babu wuta. Masu niƙa da masu ƙanƙara da masu walda sun san abin da suka yi asara.

To a irin wannan hali, gina sabuwar tasha ba ya ƙara wa kowa wuta. Amma sabuwar tasha ce ake yanke mata kyalle a gaban kyamara. Sa mita miliyan bakwai, da canza taransifomar unguwa, da tilasta wa ma'aikatu da barikoki biyan kuɗin wuta, babu wanda ake wa kirari saboda su. Shi ya sa tashar madatsar ruwa ta Mambila mai megawat 3,050 take dawowa bakin kowace gwamnati tun shekarun 1980 ba a aza komai ba, yarjejeniyar da Najeriya ta ƙulla da Siemens a 2019 kuma ta yi alkawarin megawat 25,000 kafin 2025.

Masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta ma haka. An ba kamfanin Tarayyar Sobiyet kwangila a 1979, zuwa 1994 ana cewa an kammala kashi 98 cikin 100. Sai dai babban murhun narka tama ba a taɓa kunna shi ba. Irin wannan murhun in aka kunna ba a kashe shi sai bayan shekaru, don haka kafin a hura dole a tabbatar da tama daga Itakpe, wadda ƙarfen cikinta kaɗan ne sai an tace, da gawayin da ya dace wanda na Inugu ba irinsa ba ne, da farar ƙasa, da jirgin ƙasan da zai riƙa kawo su ba fashi. Kashi biyun da suka rage su ne aikin. A 2022 gwamnati ta amince ta biya wani kamfanin Indiya dala miliyan 496 don a kashe shari'ar kwangilar da aka soke, a kan masana'antar da ba ta narka tama ko tan ɗaya ba.

Matatun mai huɗu na gwamnati, biyu a Fatakwal, ɗaya a Warri, ɗaya a Kaduna, a takarda ganga 445,000 suke tacewa a rana. Matata na bukatar a tsayar da ita a yi mata garambawul duk bayan shekara biyu zuwa uku. An yi ta tsallake wannan, in an tashi yi kuma ya zama kwangilar siyasa. Da kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya fara wallafa asusunsa a 2020, aka ga matatar Kaduna ba ta shigo da ko sisi ba a 2018, ta yi asarar sama da naira biliyan 60. An amince da dala biliyan 1.5 don gyaran Fatakwal a 2021, aka yi bikin tashinta a watan Nuwamban 2024, aka rufe ta a watan Mayun 2025. A 2020 kuwa Najeriya ta sa hannu kan yarjejeniyar sayen tataccen mai daga matatar Soraz ta Damagaram, mai ganga 20,000 kacal. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

A noma ma ana yawan cewa mu ne na ɗaya a duniya a rogo da doya da wake, kuma haka ne. Faɗin gona ne ya kawo hakan, ba yawan amfanin kowace kadada ba: masara a nan wajen tan 2 take bayarwa a kadada, a Afirka ta Kudu ta haura 5. Tun 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar fiya-fiyar da ake zubawa a buhu don kashe ƙwari. Maganin sananne ne, buhu mai leda biyu a ciki wanda ke toshe iska ƙwaron ya mutu da kansa, sai ɗakin gwaji da zai tantance kaya kafin su bar tashar ruwa. Ƙaramin aiki ne, shi ya sa ya rasa mai shi.

A waje, gwajin kirarin ya zo a 2023. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka kifar da Bazoum a Yamai. Ranar 30 ga wata ECOWAS, ƙarƙashin Tinubu da bai yi wata guda da karɓar shugabancinta ba, ta ba da wa'adin mako ɗaya ko a yi amfani da ƙarfi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar da Nijar ke samun kusan kashi 70 na bukatarta daga gare ta. An yi lissafin da idon 1998, ba a duba abubuwa uku ba. Sojojin da za a tura suna warwatse a Borno da Zamfara da Neja da kudu maso gabas. Tsarin mulki na bukatar amincewar Majalisar Dattawa, ita kuwa ranar 5 ga Agusta ta ce a bi ta sulhu. Sannan iyakar kilomita 1,500 ce da ta ratsa jihohi bakwai daga Kebbi zuwa Borno, inda Katsina da Maraɗi, Illela da Ƙonni, Maigatari da Damagaram dangi ne da kasuwa ɗaya. Takunkumin ya ciji Jibiya kamar yadda ya ciji Dan Isa. Tawagar Janar Abdulsalami da Sarkin Musulmi ta fara zuwa ba ta ga Janar Tiani ba, sai malamai da Sarki Sanusi ne suka samu ganinsa. Wa'adi ya wuce ba a yi komai ba, aka janye takunkumi a watan Fabrairun 2024, a watan Janairun 2025 kuma Nijar da Mali da Burkina Faso suka kammala ficewa daga ƙungiyar da aka haifa a Legas.

Duk da haka kuskure ne a ce ƙasar ba ta iya komai, kuma inda ta iya ɗin ya fi koyarwa. Cutar Ebola ta shigo Legas a watan Yulin 2014, birnin da duniya ta ji tsoron abin zai fi ƙarfinsa. Aka ɗauko tsarin cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan inna, aka bi sawun mutum kusan 900 gida-gida ana auna zafin jikinsu kullum, mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, ranar 20 ga Oktoba aka ayyana an gama. Shi kansa shan innar, bayan ƙauracewar rigakafi a Kano a 2003, da sarakuna da masu unguwanni aka ci ƙarfinsa har aka tabbatar da kawar da shi a watan Agustan 2020. Layukan waya ba su kai rabin miliyan ba a hannun NITEL, aka yi gwanjon lasisi a fili a watan Janairun 2001 a kan dala miliyan 285 kowanne, yau sun haura miliyan 150. Kamfanin gas na Bonny, wanda NNPC ke da kashi 49 kawai a ciki, yana aiki tun 1999 yana biyan riba, da injiniyoyi 'yan ƙasar nan da suka yi makaranta ɗaya da na matatun da suka mutu. A kowanne cikin waɗannan manufar guda ɗaya ce, ana iya ƙirga ta kullum, kuma akwai wanda zai yi asara da sunansa ko da aljihunsa idan abin ya tsaya.

Matatar Dangote a Lekki, mai ganga 650,000 a rana, ta shiga wannan sahun. Ta fara fitar da gas na mota da man jirgi a farkon 2024, fetur a watan Satumba, ta kuma rage shigo da mai daga Turai ƙwarai. Amma da ta buɗe baki neman ɗanye, sai aka tarar wani kaso na rabon NNPC an riga an jinginar da shi, ciki har da ganga 90,000 a rana don biyan rancen dala biliyan 3.3 da aka karɓa ta hannun bankin Afreximbank a 2023 don tallafa wa naira. An ƙulla tsarin sayar mata da ɗanye da naira daga watan Oktoban 2024, abin da ake kawowa bai cika ba, don haka jiragen ruwa suka riƙa ɗauko mata ɗanyen mai daga Amurka suna saukewa a gaɓar Legas.